Motar Miliyoyi a Kan Tayar Gwanjo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi ta kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda ake cinikin raƙumi. Mai saye ba ya farawa da tozo, tsawon wuya kuma ba ya ruɗarsa. Zai buɗe bakin dabbar ya duba haƙora don ya san shekarunta, sa'an nan ya sunkuya ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya sa a tashe ta ta yi 'yan taku a gabansa. Haka mai sayen san noma yake yi da kofato. Fataken da ke zuwa daga Jamhuriyar Nijar da dillalan da ke tarbarsu ba su buƙatar wani ya karantar da su cewa dabbar da za ta ɗauki kaya, darajarta a ƙafarta take.

A wajen kasuwar, ko a ƙofar gidan biki a Gumel, za a iske jif ta sha wanki tana ƙyalli: Prado, ko Land Cruiser, ko Lexus, ko Highlander. Mai ita likita ne, ko darakta a ma'aikata, ko ɗan majalisa, ko ɗan kasuwar da riɗi ya yi wa rana. Ya san shekarar da aka ƙera motar, ya san girman injinta, ya san farashinta a Kwatano da farashinta a Abuja. A tambaye shi shekarar da aka ƙera tayoyin da ke ɗauke da shi da iyalinsa, ko yawan iskar da kamfani ya ce a sa musu, sai ya waiwaya yana neman direba. Direban ma, in ya faɗi gaskiya, abin da ya sani shi ne mai faci ya buga tayar da ƙarfe ya ce ta yi.

In tayar ta fashe a tsakanin Gujungu da Gumel, bayanin da za a ji a wurin jaje a shirye yake tun kafin motar ta gama birgima: hanya ce ba ta da kyau, masu faci ne ba su san aikinsu ba, tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Kowanne daga cikin ukun yana da ɗan rabonsa na gaskiya. Amma an jera su ne don a rufe na huɗu, wanda ya fi su nauyi, wato mai motar kansa. Mutumin da ya iya fitar da miliyoyi masu yawa ya sayi jif, sa'an nan ya tsaya yana tayin tayar gwanjo, ya zaɓi abin da mutane za su gani ya yi watsi da abin da zai riƙe ransa. Kuma ba ransa kaɗai ba.

Abin da zafi yake yi wa roba

Babbar jif irin su Land Cruiser nauyinta ya haura tan 2 da rabi tun kafin a ɗora mata mutum ko buhu. Duk wannan nauyi yana taɓa ƙasa ne a wurare huɗu, kowanne bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Birki, da sitiyari, da ƙarfin injin da ake alfahari da shi, duk ta waɗannan tafukan huɗu suke isa ga kwalta. A gudun kilomita 120 cikin sa'a, motar tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, tayar kuma tana juyawa kusan sau 13 a wannan daƙiƙar. A kowane juyi gefen tayar yana lanƙwashewa idan ya zo ƙasa, ya miƙe idan ya tashi. Lanƙwasa da miƙewa suna haifar da zafi, kamar yadda waya take ɗumi a hannun yaron da ke ta lanƙwasa ta yana son karya ta.

Taya ba dunƙulen roba ba ce. Hawa-hawa ce ta roba da zare da wayoyin ƙarfe, an manne su da juna. Zafi ne babban abokin gabar wannan manni. Idan iska ta yi ƙaranci, gefen tayar yana lanƙwashewa fiye da kima, zafin yana taruwa, har saman tayar ya rabu da jikinta. Wannan ne dogon baƙin ɓawon da ake gani yashe a gefen hanya.

Sai a ɗora wannan a kan yanayin masarautar Gumel. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa, baƙar kwalta kuwa da tsakar rana takan wuce digiri 60. Tafiya daga Kano zuwa Gumel ta haura kilomita 100, kuma inda hanya ta miƙe ba rami, nan ne ƙafar direba take nauyi. Abin mamakin da masu ɗora wa hanya laifi ba su son ji ke nan: rami yakan fasa taya a gudun da mutum zai iya fita da ransa, amma fashewar da take kashe mutane ta fi aukuwa a shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai kyau, inda ake taka mota son rai.

Akwai kuma wata fahimta da ta yi jijiya a tsakanin direbobi, cewa da bazara a rage wa taya iska don kada zafi ya kumbura ta ta fashe. Wannan gurguwar dabara ce. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗau zafi, da kimanin psi 4 zuwa 5 a doguwar tafiya, amma masu ƙera taya sun yi lissafi da wannan tun farko. Wanda ya tsaya a Gujungu ya sace iskar tayar da ta yi zafi, ya mayar da ita tayar da iskarta ta gaza, kuma sauran tafiyar za ta yi ta ne tana dahuwa. Ana auna iska da safe, kafin mota ta motsa. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar take so ba. Masu jif nawa ne suka taɓa sunkuyawa suka karanta waccan takarda, alhali suna wuce ta sau goma a rana?

Darasin da Amurka ta saya da rayuka

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma an same shi da tsada. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Bridgestone/Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwar Amurka, mafi yawansu a jikin jif ɗin nan ta Ford Explorer. Saman tayoyin yana ɓarewa ana cikin gudu, motar kuma tana kifewa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Kamfanonin biyu sun yi ta nuna wa juna yatsa. Ford ya ce tayar ce ba ta da inganci, Firestone ya ce iskar da Ford ya ce a sa, psi 26, ta yi kaɗan ga nauyin motar, shi 30 ya so. Bambancin psi 4 ke nan, wanda gejin mai faci da ya sha faɗuwa ƙasa ba zai ma iya nunawa ba.

Abubuwa biyu a labarin sun shafi mutumin Gumel kai tsaye. Na farko, matsalar ta fara bayyana ne a ƙasashe masu zafi. Tun a 1999 Ford ya sauya wa masu motar tayoyi a Saudiyya, a Amurka ma haɗurran sun fi yawa a jihohin kudu masu zafi irin su Tekzas da Fulorida. Na biyu, abin da ya mayar da fashewar taya kisa shi ne siffar motar. Jif doguwa ce, nauyinta yana sama. Ƙaramar mota in tayarta ta fashe takan yi tangaɗi ta sauka gefen hanya. Jif in ta karkace, musamman in tayar baya ce, tana da saurin kifewa. Tsayin da ke sa mai ita ya ji ya fi kowa tsaro a hanya, shi ne yake juya masa baya a ranar da taya ta ci amana.

Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a wannan shekarar ta 2000, wadda daga baya ta wajabta wa sababbin motoci, tun daga 2007, na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iskar taya ta ragu. Yawancin jif ɗin da aka shigo da su daga can suna da ita. A nan kuwa fitilar takan yi wata da watanni tana ci, har idon direba ya saba da ita ya daina ganinta. Wani ma sai ya nemi mai gyaran waya ya kashe ta gaba ɗaya don tana damunsa.

Wanda ke ganin Amurka ta yi nisa, ya tuna ranar Lahadi 6 ga Maris, 2016. A ranar ce Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin jif ƙirar Lexus LX570. Binciken da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta gabatar ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Boboye Oyeyemi, ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe, motar tana gudu fiye da kima, direba ya danna birki da ƙarfi, sai ta ƙwace ta yi ta juyawa. Binciken ya kuma lura cewa ba a ɗaura tayoyin yadda ya kamata ba, kuma waɗanda ke kujerar baya ba su sa bel ba. Minista ne, Babban Lauyan Nijeriya, a cikin ɗaya daga cikin motoci mafi tsada a ƙasar. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da aka lissafa da kuɗinsa ya kai na fitilar gaban motar guda ɗaya.

Rairayi da ƙaya da wilin ado

Sunan jihar kansa daga ƙasarta ya samo asali: jigawa, tudun rairayi. A ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mutum yana barin kwalta ya nufi gona ko rugar da ke bayan Danzomo ko Medu, ya shiga yashi. A nan raƙumi ya sake zama malami. Tafinsa yana bajewa idan ya taka, nauyinsa ya watsu, shi ya sa ba ya nutsewa. Direban da ya san aiki yakan kwaikwayi wannan, ya rage wa tayoyi iska sosai don su baje, ya tafi a hankali. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi a tara matasan ƙauye su yi ta turi. Sharaɗinta ɗaya ne: a mayar da iskar kafin a hau kwalta. A nan ake faɗuwa. Ba mai faci a bakin gona, magariba ta kawo jiki, Yallaɓai yana sauri, sai a ce a lallaɓa zuwa gari. Lallaɓawar kan zama gudun kilomita 100 a kan tayar da ke da rabin iskarta. Ko ba ta fashe a ranar ba, an riga an dafa cikinta, kuma za ta biya bashin wata rana a wata hanyar, inda kowa zai ce ba gaira ba dalili. Ƙaramin injin hura iska da ake jonawa a jikin mota yana magance wannan duka, kuma kuɗinsa bai kai na cika tankin jif sau ɗaya ba.

Ƙaya ma tana nan, ta aduwa da ta bagaruwa, ga kututturen dawa da gero bayan girbi. Ƙaya ba ta fasa taya nan take. Takan shige ta zauna, iska tana zurarewa kaɗan-kaɗan, psi ɗaya yau, biyu jibi. Tayoyin zamani kuma suna iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarsu ido bai gane ba. Bugun taya da ƙafa, wanda shi ne binciken da direbobi suka fi yi da safe, ba ya gaya wa kowa komai sai dai cewa tayar tana nan.

Sa'an nan ga yayin babban wili, wato ƙarfen da taya take hawa. Motar da kamfani ya fitar da wili mai inci 17 ko 18, sai a cire a sa mai inci 20 ko 22, mai walƙiya, da siririyar taya kamar an shafa. An yi wannan ne don titunan Dubai da na Maitama. Kaurin gefen taya shi ne matashin da ke shanye dukan rami. In aka rage shi, dukan yana tafiya kai tsaye ga wilin, ya lanƙwashe ko ya tsage, ko kuma ya datse gefen tayar ya fitar da ƙullutu. Ƙullutun nan alama ce cewa zaren ciki ya tsinke, kuma ba ya gyaruwa. Wilin alminiyam da ya tsage kuwa, sai a kai wa mai walda ya ɗinke, a fente, a mayar. Mutum ya sayi motar da aka ƙera don jeji, ya biya ƙarin kuɗi don a raba ta da abin da ya sa ta dace da jejin, sa'an nan ya zauna a majalisa yana zagin gwamnati a kan rami.

Uzurin tsada

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren masu motar, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Nijeriya, ƙasar da ke noman roba, ta wayi gari manyan masana'antunta biyu na tayar mota sun tsaya. Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Tun daga nan kasuwa ta dogara da abin da aka shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin taya ya yi tashin gwauron zabo. Ko sabuwar ma ba a tsira ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu, huɗu ko biyar a wuri ɗaya, don a rage kuɗin jigila da na kwastam. Cusawar da zarowar suna karya wayoyin bakin taya, ta iso kanti da sabuwar fuska da karyayyen ƙashi.

Duk wannan gaskiya ne. Uzuri ne karɓaɓɓe daga bakin mai tsohuwar Golf da ke jigilar fasinja tsakanin Gumel da Maigatari, wanda cinikin yini yake ciyar da gidansa, ko da yake uzurin ba ya hana tayarsa fashewa. Daga bakin mai Prado kuwa ba ya karɓuwa. Wanda ba zai iya sauya tayoyi huɗu a kan lokaci ba, bai kai ga riƙe jif ba tukuna, ko da ya kai ga sayenta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sake wa sama. Amma ga ta nan jibge a kowace kasuwar kayan mota, an wanke, an shafa mata baƙin mai. Mai saye yana duba zurfin zanenta ya ga da saura, ya ce ai ta fi sabuwar China. Abin da bai duba ba shi ne dalilin da ya sa mai ita na farko ya yar da ita. Wata ta tsufa ne. Wata ta taɓa tafiya ba iska. Wata kuwa tayar hunturu ce, mai hoton ƙanƙara a cikin zanen dutse a gefenta, wadda aka yi da roba mai laushi don sanyin Jamus ko Kanada. A ɗauki wannan a ɗora ta a kwaltar Maigatari a watan Afrilu.

Shekarun taya kuwa ba asiri ba ne, suna rubuce a jikinta kamar haƙoran raƙumi. A gefenta akwai jerin haruffa da suka fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a mora ta ba, zafi kuma yana gaggauta tsufan. FRSC ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar ƙira. Masu motoci da dillalai suna ƙorafi cewa wannan ya yi tsauri, kuma suna da abin kafa hujja, domin Ford shekara 6 yake cewa, Michelin kuma yana cewa a riƙa kai ta ga masani kowace shekara bayan ta cika 5, kada ta wuce 10 ko yaya take. Ana iya muhawara a kan 4 ko 6. Sai dai mafi yawan masu wannan muhawara ba su san ko tasu tana da 3 ko 11 ba, kuma ƙasar da kwaltarta ke kaiwa digiri 60 ba ita ce za ta nemi sassauci a kan ƙa'idar da aka auna a ƙasashen sanyi ba.

Mai faci da direba

An fi sauke haushi a kan mai faci don shi ne ba shi da bakin ramawa. Gaskiya ne aikinsa yana da gyara. Gejinsa sau da yawa ya daina faɗin gaskiya, kuma yakan cika iska har ta wuce kima, wanda ke sa taya ta yi tauri, ta rage kama ƙasa, ta fi saurin tsagewa a rami. Yakan cusa zaren roba a hujin da ke gefen taya, wurin da ba a facinsa sam. Yakan sa tub a cikin tayar da ta riga ta mutu don a ƙara ja. In ya zo ɗaure noti, sai ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, har ƙusar wilin ta miƙe ta raunana, wata rana ta karye ana cikin tafiya, a ga taya ta wuce mota.

To amma wa ya ba shi aikin a haka? Yaro ne da ya koyi sana'a a gindin bishiya, wanda ake ba shi abin da bai kai kuɗin kwalbar lemo ba don ya duba abin da ke riƙe da motar miliyoyi. Ba a taɓa gaya masa adadin da ake so ba, don mai motar bai sani ba. In ya ce tayar nan ba ta faci, ana zarginsa da haɗa baki da mai sayar da taya. Mai digiri biyu ne yake zaune a ciki, gilashi a rufe, sanyi yana kaɗawa, yana latsa waya, wanda bai gama firamare ba kuma yana yanke hukunci a kan ransa. In akwai jahilci a wannan hoto, ba a wajen motar yake ba. Gejin aljihu na kansa, da faɗin lamba ɗaya da bakinsa, sun isa su sauya aikin gaba ɗaya.

Direba kuwa ya fi kowa sanin halin da tayoyin suke ciki, don shi yake jin rawar sitiyari a hannunsa. Amma ya koyi darasi. Sau ɗaya ya ce, Ranka ya daɗe, tayar baya ta fara tsattsagewa, aka dube shi kamar mai neman hanyar cin kuɗi, aka ce a bari sai wata ya mutu. Daga nan ya kama bakinsa. In an matsa aka saya, sai a sayi biyu, ko ma ɗaya, wani kamfanin daban, wani zanen daban. Motoci irin su Prado da Land Cruiser, waɗanda ƙafafunsu huɗu ke ja a kowane lokaci, suna son tayoyi masu girma ɗaya. In suka bambanta, giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana ta aikin da ba nata ba, kuma gyaranta ya ninka kuɗin tayar da aka yi wa rowa. Sababbin biyun ma gaba ake kai su, alhali masu ƙera taya baya suke cewa a sa, don bayan mota in ya ƙwace sitiyari ba ya dawo da shi.

Kuma direbobi nawa aka taɓa zaunar da su aka gaya musu abin da ake yi in taya ta fashe? Ƙafa da kanta birki take nema. Abin da ke ceto shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙar da mota, a sassauta totur a hankali, a bar ta ta rage gudu da kanta kafin a taɓa birki. Magana ce ta minti biyu. Masu gida suna ɓata fiye da haka wajen faɗa a kan ƙurar da ta rage a dashbod.

Waɗanda ba a tambaye su ba

Da a ce mai jif kansa kaɗai yake jefawa cikin haɗari, da sai a ce ruwansa. Amma hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar kasuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai amalanken shanu, akwai babur ɗauke da mutum uku da akuya, akwai mata masu tallar nono a gefen kwalta, akwai yara masu kora tumaki. Tan 2 da rabi na ƙarfe da ya ƙwace a gudun kilomita 120 ba ya zaɓen inda zai sauka. Mai motar yana da bel, yana da jakar iska, yana da kuɗin asibiti a Kano. Mai amalanke ba shi da ko ɗaya. A shingen bincike kuma, tsohuwar motar haya ce ake tsayarwa a duba tayarta, jif mai baƙin gilashi sai a ɗaga mata hannu har da sarawa. Jami'in da ke tsaye a rana ya san wanda zai iya tambaya da wanda tambayarsa za ta jawo masa kiran waya daga sama.

Batun ƙaddara kuwa, babu mai jayayya cewa ajali ba ya jinkiri. Sai dai abin lura ne yadda ake zaɓen inda za a kira ta. Mutumin nan bai bar kuɗinsa na banki ga ƙaddara ba, lambar sirri ya sa. Bai bar motar ga ƙaddara ba da dare, ya ɗauki maigadi, ya sa mata na'urar bin sawu. Takardun filinsa suna cikin akwatin ƙarfe. Sai a kan taya kaɗai, inda taka-tsantsan ke buƙatar ya sunkuya a gaban jama'a ya ɓata gwiwar shaddarsa, tawakkalinsa yake cika ya batse.

Akwai taya ta biyar, wadda ba a maganarta. A wasu jif ɗin tana rataye a ƙofar baya rana tana gasa ta shekara da shekaru, a wasu tana ƙarƙashin mota tana shan yashi da ruwan damina, sarƙar da ke sauke ta ta yi tsatsa. Sau da yawa ita ce wadda motar ta baro kamfani da ita, ta girmi sauran huɗun, ba a taɓa auna iskarta ba tun da aka sauke motar daga jirgin ruwa. Zanenta sabo fil, don ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ita ake ɗaurawa da daddare a gefen hanyar Sule Tankarkar, da hasken waya, a ɗaure notin da sauri, a loda yara a baya, a kama hanyar Kano.